Yadda Ake Kafa Taskar Dokokin Wasan Labari na Tebur a Intanet, da Yadda Ake Saka Hannu a Cikinta

A ce mutum biyar ne zaune kewaye da tebur, wasa ya yi nisa, jarumansu sun kutsa cikin wani kogo, dodanni sun tare musu hanya. Ɗaya daga cikinsu ya ce zai jefa dunƙulen wuta, na kusa da shi ya ce wutar za ta haɗa da abokinsu da ke tsaye a gaba, na ukun kuma ya dage cewa faɗinta bai kai can ba. Jagoran wasa ya zaro waya. Idan cikin daƙiƙa goma ya samo shafin da ya nuna masa cewa wutar tana cin ƙafa 20 ta kowace fuska daga inda ta faɗi, an kashe magana, wasa ya ci gaba. Idan kuwa ya shiga lalube, talla na tsalle a fuskar wayarsa, ko ya tarar da lambobi biyu masu karo da juna, to an bar labari an koma gardama. Wannan mutumin mai waya a hannu, wanda idanu takwas ke kallo, shi ake gina wa taskar, kuma duk shawarar da za a yanke a matakan da ke tafe da shi za a auna ta.

Ga wanda bai saba ba, wasan labari na tebur wasa ne da mutum ɗaya ke jan zaren labari, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai aikata. Inda sakamako ke da shakka sai a jefa dayis, wato ɗan abin nan mai lambobi irin na ludo, sai dai a nan akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Mafi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta kamfanin TSR. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi ma Hasbro ya saye shi a 1999. Dokokin irin waɗannan wasanni suna cin ɗaruruwan shafuka a littattafai da dama, shi ya sa masu wasan suka daɗe suna tattara su a wuri ɗaya a intanet.

Mataki na farko: a san abin da aka halatta a ɗauka

Yawancin masu fara wannan aiki da zaɓen suna da launin shafi suke somawa, alhali abin da ke rushe taska ba ya wuce maganar haƙƙin mallaka. A dokar Amurka, inda manyan kamfanonin wasan suke, tsarin wasa shi kansa ba abin mallaka ba ne, amma kalmomin da aka rubuta shi da su, da hotuna, da taswirori, da labaran duniyar wasan, duk suna da mai su. Saboda haka wanda ya kwafe littafi sukutum ya zuba a intanet ya gina gidansa ne a filin wani, kuma takarda ɗaya daga lauya ta isa ta rufe aikin shekaru.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi aiki da abin da kamfanin ya saki da kansa. A shekarar 2000, tare da bugu na uku na wasan, Wizards of the Coast ya fito da buɗaɗɗen lasisi mai suna OGL, da wani kundi da ake kira SRD wanda ya ƙunshi ɓangaren dokokin da kowa zai iya sake bugawa. A Janairun 2023 labari ya fita cewa kamfanin na shirin sauya wannan lasisi, masu wasa da ƙananan mawallafa suka yi caa, har a ƙarshen watan kamfanin ya janye, ya kuma saki SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons nau'in CC BY 4.0, wanda ba a iya janyewa bayan an ba da shi. A Afrilun 2025 aka saki SRD 5.2, mai ɗauke da sababbin dokokin 2024, a kan wannan lasisi. Paizo, masu wasan Pathfinder, su ma rikicin 2023 ya sa sun jagoranci samar da wani lasisin mai suna ORC. Akwai kuma ƙananan wasanni irin su Fate da suka daɗe da buɗe dokokinsu.

Kowane lasisi da sharaɗinsa, kuma sai an karanta shi da ido, ba a ji a bakin wani ba. CC BY 4.0 ya yarda a kwafa, a gyara, a fassara, har a sayar, muddin an ambaci mai asalin aikin an kuma bayyana cewa an yi sauyi. Jimlar da ake so a rubuta tana nan a farkon kundin, sai a kwafe ta yadda take a sa a ƙasan kowane shafi. OGL kuwa yana buƙatar a liƙa cikakken rubutun lasisin a taskar, a kuma cike sashe na 15 da sunan kowane aiki da aka ɗebo daga gare shi.

Sai dai a sani, SRD ba dukan littafin ba ne. A SRD 5.1 akwai azuzuwan jarumai 12, wato nau'o'in jarumi da ɗan wasa ke zaɓa daga ciki, kamar mayaƙi ko mai sihiri, amma kowane aji reshe ɗaya kawai aka saki daga cikin rassansa, kuma wasu fitattun dodanni, irin su wanda ake kira beholder, ba a saki bayanansu ba. A nan ne masu kyakkyawar niyya ke zamewa: mutum ya ga gurbi a jeri, ga littafi a gabansa, sai ya cike. Tun ranar farko a rubuta shafi guda da ke fayyace kundin da aka yarda a ɗebo daga ciki, a kuma faɗa ƙarara cewa duk abin da ba ya ciki za a goge shi, ko wane ne ya rubuta. Hotunan littattafan ba sa cikin lasisin sam. Mai neman hoto ya duba Wikimedia Commons, ko taskar game-icons.net mai dubban ƙananan alamomi a kan lasisin CC BY 3.0, ko ya nemi mai zane ya zana masa, a rubuta izinin.

Mataki na biyu: a taƙaita fage

Wasa ɗaya, bugu ɗaya, harshe ɗaya. Wanda ya ce zai tattara dokokin duk wasannin duniya zai wayi gari da shafuka dubu da babu wanda aka kammala. Haka nan a yanke tun da wuri ko taskar ta dokoki ce, irin Archives of Nethys wadda Paizo ya amince da ita a matsayin madogarar dokokin Pathfinder, ko kuwa ta labarin duniyar wasa ce, mai bayanin garuruwa da sarakuna da tarihi. Ta biyun ta fi wuyar sha'ani, domin labaran ba sa cikin buɗaɗɗen lasisi, sai dai a dogara da ƙa'idar da kamfani ya shimfiɗa wa masoya wasansa, wadda galibi ke hana neman kuɗi da aikin, kuma kamfanin na iya sauya ta duk ranar da ya ga dama. A ganina mai farawa ya tsaya kan dokoki.

Mataki na uku: manhaja da masauki

Manhajar da na fi ba da shawara ita ce MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta. Kyauta ce, tana adana tarihin kowane gyara, kuma duk wanda ya taɓa gyara Wikipedia ta Hausa ba zai yi baƙunta a cikinta ba. Tana buƙatar PHP, wato harshen kwamfuta da aka rubuta ta da shi, da rumbun bayanai irin MariaDB ko MySQL. Idan taskar ƙarama ce ta mutum biyu ko uku, DokuWiki ta wadatar, domin ita ba ta buƙatar rumbun bayanai, kowane shafi fayil ne na rubutu zalla.

Game da masauki, hanya uku ce. Fandom, wanda aka kafa a 2004 da sunan Wikicities kafin ya zama Wikia, kyauta ne kuma cikin minti kaɗan ake buɗe taska, amma talla ta yi masa yawa, abin da ke cin data yana kuma jinkirta shafi a ƙaramar waya, sannan idan jama'ar taskar suka tashi komawa wani wuri, tsohon kwafin yakan ci gaba da zama a can yana gogayya da sabon. Miraheze ma kyauta ne, babu talla, masu sa-kai ke tafiyar da shi da gudummawar jama'a, sai dai ana cike takardar neman izini a jira amincewa. Hanya ta uku ita ce mutum ya yi hayar saba da kansa, wato kwamfutar da ke ɗauke da taskar a intanet, ya sayi sunan adireshin da za a riƙa bugawa a isa taskar, ya ɗauki nauyin komai. Wannan ta fi 'yanci, amma kuɗinta na shekara-shekara ne, aikinta kuma ba ya ƙarewa. Wanda ya zaɓe ta ya ɗauki sigar MediaWiki mai dogon tallafi, irin 1.43 da ta fito a ƙarshen 2024, ya kuma sa takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ita ma kyauta ce.

Bayan an girka manhajar, za ta samar da fayil mai suna LocalSettings.php, wanda a cikinsa ake saita kusan komai. A nan ake zaɓen harshen fuskar taskar, kuma lambar Hausa ita ce ha. A nan ake rubuta lasisin da gudummawar jama'a za ta hau kansa. Da yawa suna zaɓen CC BY-SA, kuma rubutun da ke kan CC BY yana shiga cikinsa ba matsala in an ambaci mai shi, amma wanda lasisinsa ya hana kasuwanci ba ya haɗuwa da shi. A nan kuma ake rufe ƙofar gyara ga wanda bai yi rajista ba. Kada a yi sakaci da wannan, domin sabuwar taska da aka bari a buɗe, kafin mutane su san da ita, na'urorin watsa tallan banza sun riga sun gano ta. Ƙarin manhajar ConfirmEdit tana da wani sashe mai suna QuestyCaptcha da ke ba ka damar rubuta tambayarka da kanka ga mai yin rajista. Tambaya irin "fuska nawa ne da dayis ɗin da ake jefawa wajen kai hari?" ɗan wasa zai amsa ta ba tare da tunani ba, na'ura kuwa ta tsaya a bakin ƙofa. A ƙara da MobileFrontend domin masu waya, da Cite domin nuna madogara, da ParserFunctions domin samfura.

Mataki na huɗu: samfuri kafin shafi

Wannan shi ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci. Samfuri wani ƙwarangwal ne da ake ginawa sau ɗaya, kowane shafi mai irin wannan bayani ya riƙa cike gurabensa. Ɗauki dunƙulen wutar nan na farko, wanda kundin asali ke kira Fireball. Bayaninsa bai wuce waɗannan ba: mataki na 3 a jerin ƙarfin sihiri, nisan jifa ƙafa 150, faɗin ci ƙafa 20 daga tsakiya, ɓarna 8d6, wato a jefa dayis mai fuska 6 guda 8 a tara, wanda ya tsira a jifan dayis na gwada zafin namansa kuma rabin ɓarnar ke samunsa. Idan aka bar kowa ya rubuta yadda ya so, wani zai fara da nisa, wani ya binne shi a tsakiyar sakin layi, wani ya manta da shi. Idan kuwa akwai samfuri mai gurbin suna, mataki, nisa, tsawon lokaci, ɓarna da madogara, to idon jagoran wasa zai san inda zai sauka a kowane shafi daga cikin ɗaruruwa. Ranar da aka so sauya fasalin akwatin kuma, wuri ɗaya za a taɓa, duk shafukan su sauya tare.

A gina samfuri ga kowane babban nau'i: sihiri, dodo, makami, ajin jarumi, yanayin da ke samun jarumi kamar makanta ko suma. A gwada kowanne da shafuka goma masu bambancin hali kafin a saki jama'a a kansa, domin a gwajin ne za a gano cewa wani sihirin ba shi da nisa, kan mai yin sa yake aiki, wani dodon kuma yana da gudun ƙasa da na sama da na ruwa. Gyaran samfuri bayan shafi ɗari biyar sun hau kansa aiki ne mai cin rai. Wanda ya ƙara manhajar Cargo ko Semantic MediaWiki zai ci wata riba: bayanan da aka cike a samfuri za su taru a tebur, ta yadda shafin "duk sihirin mataki na 3" zai riƙa cika kansa, ba sai wani ya bi da hannu ba.

Gurbi biyu a samfuri kada a yarda a bar su fayau: madogara da bugu. Misali ɗaya ya isa ya nuna dalili. Sihirin warkar da rauni da ake kira Cure Wounds yana mayar da 1d8 na makin rai, wato lambar da ke nuna sauran lafiyar jarumi, tare da ƙarin ƙwarewar mai yin sa, a dokokin 2014. A dokokin 2024 ya koma 2d8. Dukansu daidai ne, kowanne a bugunsa, amma shafin da ya kawo ɗaya bai faɗi na wane bugu ba ne ya zama tarko. Idan taskar za ta ɗauki bugu biyu, a raba su da shafi dabam-dabam, a sa shekarar a cikin sunan shafin, a kuma sa mahaɗi daga wannan zuwa wancan a can sama.

Haka nan a gina katanga tsakanin dokar asali da ƙirar gida, wato dodanni da dokokin da 'yan wasa ke ƙirƙira da kansu. Ƙirar gida abu ce mai kyau, sau da yawa ma ita ke jawo masu rubutu, amma a ware mata sashenta, da launin akwati dabam da tambari a saman shafi. Babu abin da ke zubar da mutuncin taska kamar ɗan wasa ya zo tebur da wani takobi mai kashe dodo da sara ɗaya, yana cewa a taskar ya gani.

Mataki na biyar: idan da Hausa za a yi

Lasisin CC BY ya halatta fassara, saboda haka babu abin da ya hana a mayar da SRD zuwa Hausa, muddin an rubuta cewa fassara ce ba ta kamfanin ba. Masu Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi suna da sauƙi guda, domin SRD 5.1 yana da fassarar Faransanci da kamfanin ya fitar, ana iya ajiye ta kusa da ta Ingilishi a riƙa gwadawa. Kafin a fassara shafi ko ɗaya, a buɗe shafin ƙamus, a zauna a daddale kalmomi. Idan an ce "makin rai", to ya zama "makin rai" a ko'ina, kada wani ya zo da "ƙarfin jiki" a shafi na gaba, domin a rubutun doka sauya kalma sauya hukunci ne. Wasu kalmomin sai an yi shawara mai tsawo. Sihiri, tsafi da siddabaru ba nauyinsu ɗaya ba a kunnen Bahaushe, kuma wanda aka zaɓa zai shafi yadda iyaye da malamai za su kalli wasan gaba ɗaya. Ma'auni ma a tsayar: ko a bar ƙafa, wadda masu auna fili sun san ta, ko a bi lissafin ƙafa 5 daidai da mita 1.5, amma kada a gauraya.

Sai matsalar haruffa masu ƙugiya. Injin bincike yana ɗaukar k da ƙ a matsayin haruffa biyu da ba su haɗa komai ba, alhali yawancin mutane a waya "karfi" za su buga suna neman "ƙarfi". Maganin shi ne shafin turawa: a rubuta sunan shafi da ƙugiyarsa daidai, sannan a buɗe wani marar ƙugiya da ke tura mai nema zuwa na ainihin. A yi haka ga 'y da ake rubutawa a Nijeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar, a kuma yi ga sunan asali na Ingilishi, tunda da shi da yawa suka fara sanin abin.

Mataki na shida: shigowar mai ba da gudummawa

Wanda ya tarar da taska tana tafiya yana son saka hannu, ya fara da karatu. Ya karanta shafin ƙa'idoji da na salon rubutu, ya buɗe shafuka biyu ko uku da aka kammala ya duba yadda aka cike samfurinsu ta ciki. Gyaransa na farko ya kasance ƙarami: kuskuren harafi, mahaɗin da ya mutu, lambar da ta saɓa wa kundi. Jajayen mahaɗai suna nuna shafukan da ake nema ba a rubuta ba, kuma MediaWiki tana da shafi na musamman da ke jera su bisa yawan masu nuni gare su, nan ne ya fi dacewa a nemi aikin yi.

Ya rubuta da kundin a buɗe gabansa. Wanda ya shekara goma yana wasa shi ya fi kowa haɗarin rubutawa da ka, domin abin da ya saba yi a teburinsa ya riga ya gauraya da abin da ke rubuce, bai kuma san ya gauraya ba. Kowane gyara ya bar taƙaitaccen bayani a gurbin da aka tanada, kamar "na gyara nisa daga 120 zuwa 150 bisa SRD 5.1", domin mai dubawa ya tabbatar cikin minti ɗaya. Inda doka ke da harshen damo, kada ya warware ta da ra'ayinsa a cikin shafin. Ya kawo lafazin yadda yake, idan kamfanin ya fitar da takardar gyara ko bayani ya nuna ta, ra'ayinsa kuma ya kai shafin tattaunawa ya sa hannu. Idan wani ya soke gyaransa, kada ya mayar, ya tambayi dalili tukuna. Sau da yawa za a tarar ɗaya na duba bugun 2014 ne, ɗayan na 2024.

Masu kula da taska su ma da nasu nauyin. Sabon da ya yi kuskure a gyara masa da lallashi a shafinsa na tattaunawa, a nuna masa inda ƙa'idar take, domin wanda aka goge wa aikin dare guda ba tare da ko kalma ba, da wuya ya sake dawowa. Kwafen abin da lasisi bai rufe ba ne kaɗai ba a jinkirta masa: a cire shi nan take, a ɓoye shi daga tarihin shafin ma, sannan a yi wa mai shi bayani.

Mataki na bakwai: tsaro da gado

A riƙa leƙa shafin sababbin sauye-sauye kullum, ko na minti biyar ne. A riƙa sabunta manhaja idan gyaran tsaro ya fito. Kwafin ajiya kuma kashi uku ne, kuma sai an haɗa duka: rumbun bayanai, jakar hotuna, da fayil ɗin LocalSettings.php. MediaWiki tana da dumpBackup, wanda ke fitar da rubutun duk shafuka da tarihinsu a fayil ɗin XML guda. A ajiye kwafin a wani wuri da ba sabar da taskar ke kai ba, a kuma gwada mayar da shi a wata kwamfuta aƙalla sau ɗaya, domin a tabbatar yana buɗuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan aiki maganar ta fi shafar mabuɗai. Sunan adireshi haya ake yi, yana ƙarewa, kuma idan katin bankin mutum ɗaya ne ke biya, imel ɗinsa ne kaɗai ke karɓar gargaɗi, to ranar da ya yi tafiya ko ya canza aiki taskar na iya ɓacewa da duk abin da ke cikinta. A samu aƙalla mutum biyu amintattu masu cikakken iko a kan saba, da asusun adireshi, da wurin ajiyar kwafi, a rubuta ranar da hayar kowanne ke ƙarewa a wani shafi da masu kula duka ke gani, a kuma sa tunatarwa wata guda kafin ranar.